A Ikko Har Iska Haja Ce

Bahaushe ya daɗe da sanin hanyar Ikko. Fatake sun riga layin dogo gangarowa kudu neman goro, da jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911 kuwa sai Agege ta ƙara zama masauki: ga zango, ga Sarkin Hausawa, ga makarantun allo, ga yaran da ke zuba Hausa alhali ba su taɓa ganin Dala ba. Kawuna yana cikin waɗanda suka je da ƙuruciya suka tsufa a can. Ciwon suga ya daɗe a jikinsa, ga wani gyambo a babban yatsan ƙafa da ya ƙi rufewa. Babban ɗansa ya ga bidiyon wata doguwar jaka da ake zuge mutum a ciki a hura masa iskar oksijin da matsi, wai tana warkar da miki, ta kori gajiya, ta mayar da tsoho yaro. Tunda ina gari, aka ce in raka su mu jiyo gaskiyar lamarin.

Kawu bai yi shawara da kowa ba kan inda za a fara. "Kayan asibitin da babu shi a Idumota," in ji shi, "bai shigo ƙasar nan ba tukuna."

Muka hau sabon jirgin cikin gari, wanda suke kira jan layi, wanda ya fara ɗaukar fasinja a watan Oktoba na 2024. Daga Agege zuwa Oyingbo muna zaune cikin sanyi, muna hango cunkoson da da mu ne a cikinsa. Daga nan motar danfo, muka wuce Iddo, tsohuwar tashar da kakanninmu ke sauka da shanu, muka hau gadar Carter, wadda aka fara ginawa tun 1901. Kafin ka gama kallon ruwa da kwale-kwale Idumota ta haɗiye ka. Ban taɓa ganin wurin da ake cin moriyar kowane taku na ƙasa haka ba. Shago a ƙasa, shago a bene, shago a ƙarƙashin matakala, mai tire kuma ya raɓa a bakin ƙofar mai shago, kowa da cinikinsa. 'Yan dako mata da manyan kwanuka a ka suna ratsa mutane ba sa zubar da ko kwali. Hasumiyoyi huɗu na babban masallacin da ke titin Nnamdi Azikiwe su ne alamar da baƙo ke kamawa in ya ɓata, kuma a gindinsu ba ka rasa ɗan uwa mai canji ko mai gyaran takalmi da zai nuna maka hanya.

Kasuwar magani ta Idumota ba baƙuwa ba ce ga duk mai kemis a Arewa. Tana da tabonta, don a watan Fabrairun 2025 hukumar NAFDAC ta rufe ta na wani lokaci tare da ta Onitsha da ta Aba, ana farautar jabu. Mu ma a Kano an tashi dillalan magani daga Sabon Gari zuwa Dangwauro a 2024. Amma layin masu kayan aikin asibiti wata duniya ce daban: kekunan guragu a rataye, gadajen haihuwa a jingine, tukwanen oksijin jere a bakin ƙofa.

Shagon da Kawu ya kai mu na wani Ibo ne da ya yi yarantarsa a Sabon Garin Kano, Hausa a bakinsa ba laifi. Kafin mu gama bayani ya ciro wata 'yar na'ura mai kama da matsefi, ya maƙala wa Kawu a yatsa. Wani jan haske ya ratsa farcen, lambobi suka yi ta rawa, suka tsaya a 97.

"Alhaji, jininka ya ƙoshi da iska," ya ce. "Ba a huhu matsalarka take ba."

Ya ce daga 95 zuwa sama lafiya lau, in ta faɗo ƙasa da 90 a nemi asibiti ba a jira gobe ba, kuma jan farce ko baƙin lalle ko sanyin hannu na iya rikita lissafin. Sannan ya kunna mana injin tace iska, wanda tsayinsa bai wuce gwiwa ba. Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin ɗari ne kawai oksijin, kashi 78 naitirojin. Injin yana zuƙo iskar ɗaki, ya bi da ita ta cikin wasu ƙwayoyi masu riƙe naitirojin, ya fitar da oksijin mai tsarkin sama da kashi 90, lita biyar ko goma a minti. Ruwan da ke 'yar kwalbar gabansa ya shiga ɓulɓula. Ba jami'a ya koyo wannan ba, annobar korona ce ta koya masa. A watan Janairun 2021 gwamnan Legas ya ce buƙatar oksijin a asibitin Yaba ta tashi daga tukunya 70 a rana zuwa 350, a watan ne kuma gwamnatin tarayya ta amince da naira biliyan 6.45 don kafa injinan oksijin a wurare 38. Mutanen wannan layi sun ga ranar da iska ta fi komai tsada, kuma sun riƙe karatun. Abin da ya burge ni ke nan da 'yan kasuwar Ikko: mutum ya san hajarsa ciki da bai, ba ya jin kunyar a yi masa tambaya, mai saye ma ba ya jin kunyar yi.

Jakar kuwa, ya ce ba ya ajiye ta, amma in an ba da kuɗi zai sa a kawo daga Sin. Ya ba mu shawara mu fara zuwa inda ake shiga a biya, can ɓangaren masu hali, mu gani da ido.

Kafin in kai ku can, bari in faɗi abin da matsin ke yi. Jajayen ƙwayoyin jini su ne 'yan dakon oksijin, kuma a jikin mai lafiya sun riga sun cika, abin da 97 ɗin Kawu ke nufi ke nan. Hanyar ƙari ɗaya ce, a narkar da oksijin a cikin ruwan jinin kansa, kuma wannan sai da matsi, kamar yadda gas ke zama a narke cikin lemon kwalba muddin murfi na rufe. A iskar yau da kullum abin da ke narkewa bai wuce mililita 0.3 a kowace mililita 100 ta jini ba. In aka sa mutum a ɗakin ƙarfe, aka ninka matsin iska sau uku, yana shaƙar zallar oksijin, sai ya kai wajen mililita 6. Wani likitan tiyata na Amsterdam, Ite Boerema, ya nuna a wajajen 1960 cewa da wannan kaɗai aladu sun rayu bayan an zuƙe kusan dukkan jajayen ƙwayoyin jininsu. A kan wannan aka gina maganin asibiti: matsi ninki biyu zuwa biyu da rabi, kimanin minti 90 a zama ɗaya, don gubar hayaƙi, da ruɓar nama mai saurin yaɗuwa, da ƙunar da gashin ciwon daji ke bari, da wasu gyambunan ƙafar masu suga da suka gagari sauran magani. Mai gyambo kan yi zama 30 zuwa 40, kwana biyar a mako.

Mu ma muna da labarinmu a wannan fage. A watan Mayun 2013 wani jirgin ruwa mai suna Jascon-4 ya kife a teku daura da Escravos, ya nutse kimanin mita 30. Kukun jirgin, Harrison Okene, ya samu wani lungu da iska ta maƙale, ya yi kusan awa 60 a cikin duhu kafin masu nutso su ji hannu ya kama nasu. Ba su fito da shi kai tsaye ba. Kowace mita goma ta ruwa tana ƙara matsi ɗaya, jikinsa ya sha naitirojin ya ƙoshi, da an ɗago shi lokaci guda da jininsa ya yi kumfa. Sai da ya sake kwashe kwanaki a ɗakin matsi ana rage masa sannu a hankali. Shi kaɗai ya tsira cikin mutum 12.

Jakar da muka tarar ba wannan ba ce, ƙanwarta ce ta nesa. Matsinta 1.3 ne, wato kamar ka nutsa mita uku a ruwa. Asalinta ma na mahaya duwatsu ne: Igor Gamow na Jami'ar Colorado ya ƙirƙiro irinta a ƙarshen shekarun 1980 don wanda ƙarancin iska ya kayar a ƙololuwar tsauni, kuma don wannan ciwon kaɗai hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da ita. Legas kuwa a bakin teku take, ko tudun kirki babu. In iskar ɗaki kawai aka hura, abin da mutum ke samu daidai yake da oksijin kashi 27, abin da 'yar robar hanci ke bayarwa a gadon asibiti. Shi ya sa suke haɗa ta da injin tacewa, su sa maka takunkumi.

Wurin tsaf, ƙamshin sabulu, ba hayaniya. Wata ma'aikaciya ta zaunar da mu ta jero tambayoyi: akwai mura? Ciwon kunne? An taɓa samun matsalar huhu? Farfaɗiya? Wane magani ake sha? Huhun da ya taɓa sacewa ba a yi masa aiki ba shi ne babban abin da ke hana shiga, mura kuma tana hana kunne daidaita. Da Kawu ya cire safa ta ga yatsan, sai ta girgiza kai, ta ce wa ɗansa da Turanci ya kai Baba wajen likita, wannan ya fi ƙarfin jakarsu. Kuɗi ne a gabanta ta tura shi. Ba kowa ke yin haka ba, don a intanet akwai masu rantsuwa cewa jakar na maganin ciwon daji da shanyewar jiki da komai, alhali babu hujjar da ta tsaya musu.

Ni aka ce in shiga, tunda an riga an zo. Aka karɓe waya da agogo da makulli, aka ba ni riga ta auduga, aka tambaye ni ko na shafa turare ko mai. Kawu, wanda ba ya fita sai ya yi wanka da turare, ya yi dariya ya ce ashe ko ƙafar lafiya take ba za su karɓe shi ba. Dokar ba ta wasa ba ce. Oksijin ba ya ci da kansa, amma yana sa komai ya ci da sauri, kuma a watan Janairun 2025 wuta ta tashi a wani ɗakin matsi a garin Troy na jihar Michigan, ta kashe yaro ɗan shekara biyar.

Na kwanta a kan 'yar katifa, ta ja zif biyu, ta leƙo ta wata 'yar taga ta roba. Inji ya fara gurnani. Jikin jakar da ke lanƙwashe a kaina ya shiga miƙewa har ya yi tauri, in ka danna da yatsa ba ya lotsawa. Ciki ya ɗan yi ɗumi. Sai kunne. Duk wanda ya yi tafiyar Hajji ya san toshewar da ake ji in jirgi zai sauka Jidda, ita ce nan, sai dai ta fi daɗewa, minti biyar zuwa goma. Ka haɗiye yawu, ka yi hamma, ko ka toshe hanci ka hura a hankali, sai ka ji ƙas, ta buɗe. Ta riga ta gaya mini in ya koma zafi in ƙwanƙwasa ta rage, kada in yi jarumta, don nan ne ake jin rauni a dodon kunne. Da matsin ya tsaya, shi ke nan, babu sauran abin ji sai gurnanin inji da busasshiyar iska a hanci. Mai tsoron ƙunci zai sha wahala. Ni gyangyaɗi ya ɗauke ni. Bayan awa guda ta saki iskar, ciki ya yi sanyi, kunnuwa suka yi ta ƙara da kansu, jakar ta saki jiki.

Na fito wasai, ba zan ɓoye ba. Amma duk wanda ya kwanta awa guda a Legas, babu waya, babu hon, babu mai bin bashi, zai tashi wasai. Abin da zan iya shaida ke nan, hutu mai tsada cikin tsabta da kulawa.

A hanyar komawa, da magariba ta yi, janaretoci suka tashi a lungunan Agege, wasu a bakin taga, wasu a baranda. Nan ne maganar oksijin ta fi shafar talaka. Hayaƙin janareta, da na gawayin da muke shiga ɗaki da shi lokacin hunturu, yana ɗauke da wata guba marar wari da ke kama jajayen ƙwayoyin jini fiye da oksijin sau 200 da ɗoriya. Ciwon kai, jiri, amai, barci, a wayi gari an rasa gida guda. 'Yar na'urar yatsa ma ruɗuwa take yi, ta nuna lamba mai kyau. A iskar waje jiki na ɗaukar awa huɗu zuwa biyar kafin ya fitar da rabin gubar, da zallar oksijin ta takunkumi awa ɗaya da 'yan mintuna, a ɗakin matsi na asibiti ƙasa da rabin awa. Wanda aka tsinta a irin wannan hali a fito da shi fili, a buɗe ƙofa da taga, a garzaya asibiti mafi kusa mai tukunyar oksijin, ba a tsaya ba shi madara ko manja ba.

Kawu ya je asibitin koyarwa na Idi-Araba. Aka kankare mataccen naman, aka duba ko jini na isa ƙafar, aka sauya masa magani, aka hana shi matsattsen takalmi da yawo ba takalmi ko a tsakar gida. Ɗan nasa kuwa, haihuwar Agege, bai haƙura da jakar ba. Ya riga ya koma Idumota ya tambayo farashinta da na kwastan, yana lissafin mutum nawa za su shiga a rana kafin ta mayar da kuɗinta, da ko Kano ko Abuja ce za ta fi karɓarta.