Bel ɗin da ba ya kuka

Tun da aka buɗe masana'antar Peugeot a Kakuri a 1975, direbobin Kaduna suka saba da 504, wadda sarƙa ce ke daidaita tafiyar bawul da fistin a injinta. Sarƙa takan yi ƙara idan ta saki, ta ba mai mota lokaci. Da 406 ta zo, bel na roba mai haƙora ya maye gurbinta, amma ɗabi'ar jiran ƙara ba ta bar mutane ba.

Fambel ba ya ɓoye ciwonsa. Yana waje, ana ganin tsagewarsa, yana ƙugi da sanyin safiya, kuma idan ya tsinke batir ya daina caji. Bel ɗin tayimin kuwa yana bayan murfi, yakan tsinke ba sallama. A injin irin na 406, fistin sai ya daki bawul ya lanƙwasa su, aikin yini guda ya koma sauke kan inji.

Saboda haka bakaniken kirki a Makera ko Barnawa ba ya dogara da kunne. Yakan cire murfin, ya duba gindin haƙoran, ya nemi alamar yoyon mai, domin mai yana cinye roba. Akasari ana canza bel tsakanin kilomita 60,000 da 100,000, amma a motar tokumbo wa zai rantse da lambar mita? Gara a canza shi ranar da aka saya, tare da tanshina da famfon ruwa, tun da kwancewar ɗaya ce.