Sai da na karya haƙori uku kafin na saurara

Wannan na masu karatun lantarki ne da kwamfuta musamman, amma kowa ya karanta.

Saura wata ɗaya in gabatar da aikina na mastas a nan Ibadan, malamina ya ce ba zai karɓi na'urar da wayoyi ke lilo a jikinta ba, sai in yi mata allon sakit na gaske. Na'urar auna danshin ƙasa ce, don masu noman rani irin mahaifina. Yin oda daga Chaina zai ci makonni, ga dala ta yi tsada. Sai na koma ga ɗan ƙaramin injin CNC 3018 da ke lab ɗinmu. Shi aikinsa ya kankare jan ƙarfen da ke saman allon, ya bar hanyoyin da wuta za ta bi.

Na sa wani aboki ya sayo min haƙoran yanka a Alaba, Legas. Ni da wayona na ce ya zaɓo mafi tsini, mai kusurwa digiri 10, wai shi zai fi fitar da aiki tsaf. Rana ɗaya na karya biyu. Washegari na uku ya bi su. Wallahi kuɗin cefanen sati ne ya tafi, ga allo biyu sun lalace: wani gefen ko taɓa shi bai yi ba, wani gefen ya cinye hanyar gaba ɗaya.

Akwai wani dattijo Bayarabe da ke kula da lab ɗin. Tun ranar farko ya so ya yi magana, na ce masa "Baba, na kalli bidiyo, na iya." Ran nan dai na sauke girman kai na je na same shi. Bai ce min komai ba, ya ɗora rula a kan allon ya ce in leƙa. Sai ga haske yana wucewa ta ƙarƙashi. Ashe allon a lanƙwashe yake.

Ga abin da ya koya min. Kaurin jan ƙarfen 0.035 mm ne kacal, don haka zurfin 0.07 ya isa. Haƙorin kuwa siffar V gare shi, duk yadda ya ƙara nutsewa haka yankan ke ƙara faɗi. Mai digiri 30 da baki 0.1 mm, a zurfin 0.07 yankansa kusan 0.14 ne, in ya kai 0.2 ya zama 0.21. Kun ga dalilin da ya sa ɗan lanƙwasa kaɗan ke ɓata komai. Maganinsa, ka maƙala waya ɗaya a haƙorin, ɗaya a allon, manhajar Candle ta bi ta taɓa wurare da yawa ta auna tudu da kwari, sannan ta gyara zurfin da kanta.

Sai zaɓin kaya. Digiri 30 ya fi digiri 10 ƙwari, kuma ya wadatar ga yawancin aikinmu. Huji ba aikin V ba ne: bakin 0.8 mm ga ƙafar rezisto, 1.0 mm ga fil-fil na haɗi. Yanke gefen allo kuma haƙorinsa daban, mai faɗin 1 zuwa 2 mm, a bi a hankali sau da yawa. Ku duba gindinsu 3.175 mm ne, shi ne ke shiga mariƙin injin. Allon FR4 zaren gilashi ne, yana dakushe haƙori, ƙurarsa kuma illa ce ga huhu, ku sa takunkumi. In kun samu FR1 ya fi laushi.

Da haƙori ɗaya da Baba ya ara min na gama. Na bi kowace hanya da mita, ba inda ta katse, ba inda biyu suka haɗe. Na kai masa goro, ya yi dariya ya ce in riƙe kuɗina in sayi haƙori, in mayar masa da nasa.

Gabatarwa ranar Talata ce in sha Allah, ku sa ni a addu'a. Wanda ke da irin wannan aiki a gabansa ya yi min magana tun kafin ya kashe kuɗinsa. Kuma don Allah, in ka ga dattijo a lab, gaishe shi ka tambaye shi tun ranar farko.