Injin da Ke Yi wa Injuna Haƙora

A wannan fitowar ta allon ƙungiyar 'yan jarida ina so in ba ku labarin wani inji da yawancinmu ba mu taɓa gani ba, alhali muna cin amfaninsa kullum. Masu sana'ar suna kiransa injin milin. Ba hatsi yake niƙawa ba, ƙarfe yake sassaƙawa. Idan wani sashe na injin niƙan unguwarku ya lalace, ko na injin casar shinkafa, ko na injin ban ruwa, kuma aka rasa irinsa a kasuwa, to wajen mai wannan injin ake zuwa ya ƙera sabo.

Na san shi ne ta hanyar Baffana, ƙanen mahaifina, wanda yake da ɗan shagon aikin ƙarfe a gefen Bompai. Ina zuwa wurinsa ranar Asabar da lokacin hutu. Bompai ita ce unguwar masana'antu mafi daɗewa a Kano, daga baya aka buɗe Sharaɗa da Challawa. Baffa ya ce lokacin yana saurayi, idan aka tashi daga aiki da yamma, kekunan ma'aikata ne suke cika titi. Ana yin atamfa, da alewa, da man gyaɗa, da kwanuka, da kayan roba, kuma kusan duk babban kamfani yana da nasa ɗakin gyaran injuna. A irin wannan ɗakin ya koyi aiki. Daga baya kamfanoni da yawa suka rufe saboda ƙarancin wutar lantarki da shigowar kayan waje masu araha. Da nasu ya rufe aka yi gwanjon kayansa, Baffa ya haɗa kuɗin sallamarsa ya sayi tsohon injin da ya saba aiki a kai. Injin ya girme ni nesa ba kusa ba, amma har yau yana aiki.

Ga yadda yake. Ya fi mutum tsayi, kuma nauyinsa ya kai wajen tan guda. A samansa akwai mota mai juya wata wuƙa mai haƙora da yawa. A ƙasan wuƙar akwai tebur na ƙarfe inda ake matse abin da za a sassaƙa, a ɗaure shi tamau. Teburin yana da hannuwa uku: ɗaya yana kai shi dama da hagu, ɗaya gaba da baya, ɗaya sama da ƙasa. Wuƙar tana juyawa a wuri ɗaya, mai aiki yana tura mata ƙarfen a hankali, tana feraye shi kamar yadda ake feraye rake. Yayin da take yanka ana zuba mata wani ruwa fari kamar nono, wato mai ne da aka gauraya da ruwa, don kada ta yi zafi ta dakushe. A shagon akwai wani injin kuma da yake yin akasin haka: shi ƙarfen yake juyawa, wuƙar tana tsaye. Da shi ake yin abubuwa masu siffar sanda ko da'ira. Amma idan ana son fuska mai laushi a miƙe, ko tsagi, ko haƙoran giyar inji, sai milin.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne awo. A jikin kowane hannu akwai ƙananan zane-zane, kuma Baffa yana da wani ma'auni mai suna maikiromita da yake gane kashi ɗaya cikin 100 na milimita. Silin gashin kanmu ya ninka wannan kauri sau da yawa. Idan aka rage ƙarfe fiye da kima, ba a iya mayar da shi, aikin ya tashi a banza ke nan. Shi ya sa yakan ce da yaran shagon su auna sau biyu kafin su yanka sau ɗaya.

A hutun da ya wuce wani dattijo ya zo daga wajen Kura da giyar injin casar shinkafa, haƙoranta uku sun karye. Ya ce ya zagaya Ƙofar Ruwa bai samu irinta ba, ga buhunan mutane jibge a wurinsa, ga yara shida da suke samun na abinci a ƙarƙashinsa sun yi kwana huɗu a zaune. Baffa ya ƙirga haƙoran, 24 ne. Sai ya miƙo mini alli ya ce, "Ɗana, kai ne ɗan boko. Raba mini 40 gida 24."

Dalilin wannan tambayar shi ne, akwai wata na'ura da ake ɗorawa a kan teburin don raba da'ira daidai wa daida. Sai an juya hannunta sau 40 kafin ƙarfen ya yi zagaye ɗaya cikakke. To idan ana son haƙora 24, kowane haƙori zai ci juyi 40 bisa 24. Na rage shi a ƙasa, ya ba ni ɗaya da biyu bisa uku. Baffa ya ɗauko wani faifai mai layin ramuka 18, ya ce biyu bisa uku na 18 nawa ne? Na ce 12. Ya ce, "To shi ke nan. Juyi ɗaya da rami 12, a yanka, a sake." Haka ya yi ta yi har sau 24. Wuta ta ɗauke a tsakiyar aikin, aka jira har bayan la'asar, domin injin yana son wuta mai layi uku, kuma man janareta zai cinye ribar. Washegari dattijon ya karɓi giyarsa, ya juya ta a hannu, ya yi ta sa albarka.

Tun daga ranar nake kallon darasin lissafi da wani ido. Sau nawa muke cewa a aji, "Wai me za mu yi da wannan bisa-bisan?" To ga amsar nan. Da biyu bisa uku aka tayar da injin da gidaje da yawa suke ci a jikinsa.

Malaminmu na fasaha ya ƙara mini bayani. Ya ce an fara irin wannan injin a Amurka kimanin shekara 200 da suka wuce, a wuraren ƙera bindigogi, domin suna son sassan su zama iri ɗaya, idan wani ya lalace a sa wani. Kafin nan da magagari ake goge ƙarfe da hannu. A 1938 aka fara sayar da ƙirar Bridgeport, wadda ta bazu a duniya har kamfanoni da yawa suka kwaikwaye ta. Yanzu kuma akwai masu aiki da kwamfuta, a rubuta musu awo su yanka da kansu. Amma ko su ma sai wanda ya san lissafi da halin ƙarfe yake iya ba su umarni.

Mu Kanawa aikin ƙarfe ba baƙonmu ba ne. Tarihi ya nuna mutanen farko da suka zauna a gindin Dutsen Dala suna narka tama su fitar da ƙarfe. Maƙeranmu da zugazugi da uwar maƙera da masaba suka yi wa kakanninmu fartanya da garma. Ni a ganina injin milin ci gaban wannan sana'ar ne.

Abin da yake damuna shi ne masu iya aikin suna tsufa. Idon Baffa ya fara rauni, sai da tabarau yake karanta maikiromita. Yaran da ake kawo masa ba sa daɗewa, wasu su koma tuƙin A Daidaita Sahu saboda a can ana samun kuɗi a ranar, alhali wannan aikin sai an yi shekaru ana koyo. Mu kuma 'yan makaranta, da an ambaci kwalejin fasaha sai wasu su taɓe baki, wai ta waɗanda ba su da ƙoƙari ce. Wanda ya ga yadda ake yanka giya ba zai faɗi haka ba. Idan waɗannan dattawan suka ajiye aiki babu magada, duk injin da ya karye sai dai a sayar da shi a kilo wa 'yan gwangwan, ko a jira kaya daga Sin.

Ni ina aji biyu. Baɗi idan Allah ya kai mu za mu rubuta jarrabawar gama ƙaramar sakandare, kowa ya zaɓi hanyarsa. Jihar Kano tana da kwalejojin fasaha na gwamnati, kamar na Wudil da Bagauda da Ungogo, inda ake rubuta jarrabawar NABTEB, kuma daga nan mutum yana iya wucewa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano ko Jami'ar Bayero ya karanta aikin injiniya. Ni dai can na sa gaba, kuma na riga na gaya wa mahaifina.

Ina roƙon Shugaban Makaranta da malaminmu na fasaha su shirya mana ziyara zuwa wani shagon aikin ƙarfe a Bompai ko Sharaɗa, domin gani ya kori ji. Wanda zai je ya sani, ba a matsawa kusa da injin da riga mai faɗin hannu, ba a share ɓarɓashin ƙarfe da yatsa sai da buroshi, kuma dole a sa tabarau na kariya. Kowa ya taho da littafin lissafinsa.

Daga ɗalibin aji biyu na ƙaramar sakandare, ɗan ƙungiyar 'yan jarida.