Jirgin da ba ya zuwa Wudil

Mu 'yan Wudil ba mu taso da kukan jirgin ƙasa a kunne ba. Abin da muka sani kogi ne, da gada, da kara ta ranar Juma'a. Amma rabin tuwon gidanmu a kan layin dogo yake, domin Baba fataucin shanu yake yi, kuma duk san da ya taya a kara aka sallama masa, ƙarshensa tarago ne zuwa Ikko, wato Legas.

Ina ɗan shekara tara, cikin 1978, ya ce in wanke rigata, gobe zan raka shi Kano. Shanun sun riga mu tashi da kwana biyu, masu kora sun bi da su ta daji, mu kuwa muka hau a-kori-kura da asuba. Daga Wudil zuwa Kano bai kai kilomita 50 ba, amma ni a ranar ji na yi kamar Makka za mu.

Kafin in ga jirgin, warin tashar ne ya fara tarbata: ƙiraga, da baƙin mai, da danshin ganyen da ake naɗe goro. Ga Yarbawa da Inyamurai da Nufawa, kowa na ciniki da irin tasa Hausar. Wani ɗan reluwe ya wuce da tutoci biyu a hammata, ja da kore, yana taku kamar shi ya ƙera jirgin. Na riƙe gefen rigar Baba gam.

Lodin shanun ne ya fi zauna mini a rai. Akwai wani farin sa mai tozo, ya zo bakin katakon hawa ya kafe. Aka ja, aka tura, aka murɗa masa wutsiya, ko gezau. Sai da wani tsohon makiyayi ya zo ya dafa wuyansa, ya yi masa 'yar magana da Fulatanci a kunne, sannan ya taka a hankali ya shige. Shi wannan tsohon da shi za a tafi, a cikin taragon, daga shi sai sanda da butar ruwa. Aikinsa kada ya bar saniya ta kwanta, don in ta kwanta 'yan'uwanta za su tattake ta.

Na ce, "Baba, har ina za su?"

Ya ce, "Har inda ƙasa ta ƙare."

Muna zaune a kan buhunan wani muna jiran a ɗaura kan jirgi, ya ba ni labarin da ya ji daga nasa uban. Dogo ya iso Kano a 1911, daga Baro da ke bakin Kwara aka jawo shi. Turawa auduga suka sa rai za su kwasa zuwa masaƙun Ingila, sai manoman Kano suka yi nasu lissafin suka ga gyaɗa ta fi, ga kuɗi ga kuma abin kai wa baki in kasuwa ta faɗi. Daga nan aka samu dalar gyaɗa, da attajirai irin su Alhassan Ɗantata. Ya nuna mini wani fili da sandarsa, ya ce da can in ka tsaya nan buhuna sun tare maka rana. Ni dai fili na gani. Farin 1973 da cutar gyaɗar 1975 sun riga sun share wurin. Reshen Nguru kuwa, wanda aka gama a 1930, ta Ringim ya bi, ya bar mu a kudu muna kora da ƙafa.

Abin da ya biyo baya kowa ya sani. Tirela ta zo har cikin kara, ta ɗauki saniya daga inda aka saye ta, masu kora suka nemi wata sana'a. Da aka dawo da jirgin fasinja na Legas zuwa Kano a Disambar 2012 na je don kawai in gani. An yi wa tashar fenti, amma sai na ga ta ƙanƙance, ko kuma ni ne na girma.

Yanzu sabon dogo ake shimfiɗawa, mai faɗin da tsofaffin taragun ba za su iya hawa ba. A 2021 aka ƙaddamar da biyu: na Kaduna zuwa Kano, wanda aka yi bikinsa a Zawaciki, da na Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284 ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, da reshe zuwa Dutse. Wannan reshen shi ne ya kalli ɓangarenmu, shi ya sa hirar ba ta ƙarewa a teburin mai shayi.

Juma'ar da ta wuce na tarar da wani abokin Baba a kara, ido ya yi rauni, yana zaune a inuwar tirela. Na ba shi labarin reshen Dutse. Ya yi shiru, ya ɓare goro ya miƙo mini rabi.

Ya ce, "To ɗana, da taragon shanu a ciki?"