Fijo Ta Yi Fushi A Hawan Kibo

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Akwanga zuwa Jos ya san Hawan Kibo, wurin da ƙasa ke miƙewa tsaye, hanya ta riƙa kewaya duwatsu har ta ɗora matafiyi bisa tsaunin Filato. Daga gefe ruwan Assop na gangarowa, ga itatuwa kore shar, amma direba ba ya samun sukunin kallo, domin idonsa na kan allurar zafi.

Motar da na bi hanyar da ita Fijo 504 ce, irin waɗanda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975. Gadonta na yi daga mahaifina, saboda haka ba na son abin da zai taɓa injinta. Tun daga Akwanga tana tafiya lafiya lau. Muna kama hawan, na sauko giya ta biyu a bayan wata tirela, sai allura ta fara gusawa zuwa ja, tururi ya soma fitowa ta gefen bonet. Na ratse, ga yamma ta gabato.

Hannuna na kan murfin lagireto ke nan, sai wani dattijon bakanike da ke zaune gindin bishiya ya daka mini tsawa: "Kul, Malam! So kake ka rasa fuska?" Na ce, "Afuwa, Baba." Gaskiyarsa, domin murfin nan shi ke danne ruwan don kada ya tafasa da wuri, ka buɗe shi da zafi, ruwan ya yi tsiri. Kuma a bisa tudu irin na Jos, mai tsayin kamar mita 1,200, ruwa kan tafasa a wajen digiri 96 maimakon 100.

Sai da muka ba ta rabin sa'a. Ya fara zaro sandar awon baƙin mai, ya ce idan ya ga ya yi fari-fari kamar an zuba madara, to gaskit ya ƙone, sai dai in kwana. Gabana ya faɗi. Allah Ya sa man baƙi ne. Ya danna fambel, bai saki ba. Ya leƙa tiyo da famfon ruwa, babu yoyo. Sa'an nan ya tambaye ni, "A miƙaƙƙiyar hanya tana zafi?" Na ce a'a. Ya yi murmushi, ya ce ashe fanka ce.

Fankar irin tawa maganaɗisun lantarki ke kama ta idan ruwa ya yi zafi, ta hanyar wani ɗan guntun gawayi, wanda ya cinye ban kula ba. Idan mota na gudu, iskar hanya ta isa ta sanyaya lagireto. A hawa kuwa, inji na nishi, gudu babu, iska babu. Dattijon ya ɗaure ƙusoshinta uku ta yadda za ta riƙa juyawa tare da inji kullum, ya tada motar, ya riƙa ƙara ruwa kaɗan-kaɗan. Ya kuma yi mini faɗa a kan ruwan rijiya da nake zuba mata, mai toshe hanyoyin lagireto da tsatsa.

Muka ƙarasa hawan allura na tsakiya. Da muka iso Riyom, inda duwatsu ke ɗore bisa juna, sanyi ya sauko har na ɗage gilashi, na tsaya na sayi kwandon dankalin Turawa.