Takardar da Ake Amincewa da Ita Kafin a Ba Ka Intanet

A zamaninmu na jami'a a Arewa, ƙarshen shekarun 1990, littafi ɗaya ne ke ɗaukar nauyin aji guda. Malami ya miƙa wa shugaban aji nasa, shugaban aji ya kai wa mai fotokwafi a bayan tsangaya, kowa ya kawo kuɗinsa. 'Yan shekara mai zuwa su buga daga namu, na bayansu su buga daga nasu, har haruffa su dushe, gefen shafi ya yi baƙi ƙirin, wani lokacin ma ka ga inuwar yatsan mai injin a ƙasan takarda. Nijeriya na da dokar haƙƙin mallaka ta 1988, da hukumar da ke kula da ita, amma ban taɓa jin malami ya ambace ta a aji ba. A wurinmu wannan magana ce ta 'yan fim da mawaƙa da ke kukan ana buga musu kaset ba izini. Littafin karatu kuwa, duk wanda ya samu ya taimaki 'yan'uwansa.

Da na je Amurka ƙaro karatu a 2007, abu na farko da jami'a ta sa a gabana, tun kafin a nuna mini laburare, shi ne dokar amfani da intanet ɗinta. Ba za a buɗe maka akwatin imel ba sai ka latsa alamar amincewa. Kada ka ba kowa kalmar sirrinka, ko da matarka ce. Kada ka yi kasuwanci da layin jami'a. Kada ka sauke ko ka rarraba waƙa, fim, littafi ko manhaja ba da izinin mai shi ba. A ƙasa kuma an rubuta cewa jami'a na adana bayanin wace kwamfuta ce ta hau layi, da ƙarfe nawa, da sunan wa.

Wannan layi na ƙarshe shi ne ƙashin bayan komai, kuma na ga aikinsa a kan wani yaro ɗan aji biyu da nake taimaka wa malaminsu koyarwa. Wata safiya ya zo bai yi aikin gida ba, ya ce an yanke masa layi. Yana da LimeWire a kwamfutarsa, manhajar da ke ba ka waƙoƙin wasu, a lokaci guda tana buɗe naka ga duk duniya, ko kana barci. Kamfanonin waƙa suna da mutanen da aikinsu ke nan: su shiga, su ɗauki lambar da kwamfutarka ke amfani da ita a intanet, da sunan waƙar, da lokacin, su aika wa jami'a takardar ƙorafi a ƙarƙashin dokar haƙƙin mallaka ta Amurka, DMCA, ta 1998. Jami'a ta duba kundinta, lambar ta kai ta ɗakinsa. Sai da ya goge waƙoƙin, ya cire manhajar, ya sa hannu cewa ba zai sake ba, sannan aka mayar masa. Hannunsa na rawa lokacin da yake nuna mini takardar.

Yana da dalilin tsoro. Ƙungiyar kamfanonin waƙa ta Amurka, RIAA, ta fara maka ɗaiɗaikun mutane a kotu tun 2003, kuma a farkon 2007 ta soma aika wa jami'o'i wasiƙu su miƙa wa ɗalibai: ka biya dala dubu uku ko makamancin haka a kashe maganar, ko mu haɗu a gaban alƙali. Doka ta ba da damar cin tara daga dala 750 zuwa 150,000 a kan waƙa ɗaya. A 2009 aka yanke wa Joel Tenenbaum, ɗalibi a Jami'ar Boston, biyan dala 675,000 saboda waƙoƙi 30. Shekara guda kafin nan, majalisar dokokin ƙasar ta wajabta wa duk jami'ar da ke karɓar tallafin ɗalibai daga gwamnati ta tsara yadda za ta hana wannan aiki, ta kuma riƙa sanar da ɗalibai hukuncinsa duk shekara.

Har yau ina ganin tarar nan ta wuce gona da iri. Amma asalin maganar bai ba ni wahala ba. Na san marubuta a Kano da ke sayar da kadara su buga littafi, wani ya ɗauka ya karanta a kaset ko ya sake bugawa, ko sisi bai koma ga mai shi ba. Gumin mutum ne, kuma addininmu ma bai yarda a ci shi ba da yardarsa ba.

Inda abin ya tsaya mini a rai shi ne maƙalun bincike. Da kalmar sirrina ina buɗe dubban mujallun ilimi daga kan gadona. Abokan karatuna da suka zama malamai a gida kuwa, maƙala ɗaya sai an nemi su biya dala talatin ko fiye. Saƙonni suka fara shigowa. Ɗaya na wani ne da ya girme ni, ya riƙe ni kamar ƙani tun muna aji ɗaya: "Malam, don Allah ka taimaka wa yayanka da waɗannan, su kaɗai suka hana ni kammala babi na biyu." Ya jero sunaye kusan cikin shafi. Mutumin da ya ciyar da ni ranar da ba ni da ko kwabo, ga abin da yake nema a gabana, ga kuma yarjejeniyar da laburare ta ƙulla da mawallafa, wadda ta ce na 'yan jami'ar ne kawai, kuma in aka ga ana kwasa da yawa ana iya rufe wa jami'ar baki ɗaya.

Na kai maganar ga wata dattijuwa ma'aikaciyar laburare. Ba ta karanto mini doka ba. Ta jawo kujera, ta karɓi jerin, muka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Wasu suna nan kyauta a rumbun maƙalu na PubMed Central. Wasu marubutan sun ajiye kwafinsu a rumbun jami'o'insu. Sauran ta ce ya rubuta wa marubucin kai tsaye, domin masu bincike na murnar a nemi aikinsu. Sannan ta tambaye ni ko jami'arsa ta yi rajista da HINARI, shirin samar da mujallu da Hukumar Lafiya ta Duniya ta buɗe a 2002 don ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, da AGORA na fannin noma da ya biyo baya a 2003. Ta ƙara da cewa rumbun mujallu na JSTOR ya yafe wa jami'o'in Afirka kuɗin shiga tun 2006. Da Yaya ya je ya bincika, ashe sun yi rajista tuntuni. Kalmar sirrin na cikin aljihun tebur a wani ofis, ba wanda ya gaya wa malamai, balle ɗalibai. Wannan ya fi tarar Tenenbaum ɓata mini rai.

Ina shirin dawowa gida aka kama wani matashi mai suna Aaron Swartz, a Janairun 2011. Ya haɗa kwamfuta da layin jami'ar MIT, ya sauke maƙalu kusan miliyan 4.8 daga JSTOR. Ya mayar da su, JSTOR ya ce ba ya neman a hukunta shi, amma masu gabatar da ƙara na tarayya suka jera masa tuhuma 13. A ranar 11 ga Janairu, 2013, ya kashe kansa yana da shekara 26. Ya karya ƙa'idar layin da ya hau, wannan ba a musu. Sai dai binciken da ke cikin waɗannan mujallu, galibi da kuɗin jama'a aka yi shi, masu rubutawa da masu tantancewa ba a biyan su, kuma ban yarda a auna shi da mudun da ake auna satar faifai ba.

Yanzu jami'o'inmu na da intanet, ɗalibai na tura wa juna littattafai ta WhatsApp fiye da yadda injin fotokwafi ya taɓa iyawa, kuma tun Maris na 2023 muna da sabuwar dokar haƙƙin mallaka da ta shafi abin da ake ɗorawa a intanet. Roƙona ga shugabannin jami'o'i da na laburare shi ne su rubuta ƙa'idarsu a harshen da ɗan aji ɗaya zai gane, su karanta ta ranar karɓar sababbin ɗalibai, kuma a zaman nan su nuna musu duk mujallun da jami'a ke da izinin buɗewa, da yadda ake shiga. A fito da kalmar sirrin daga aljihun tebur, a ba masu haƙƙi da ita.