Gyaran Gaban Babur Bayan Karo

Karatunmu na wannan mako yana cikin Galatiyawa 6:1-5 da Yohanna 21:15-19. Ku buɗe ku karanta kafin ku ci gaba, gama a kansu maganarmu ta jingina.

Duk mai zama a Kaura Goje, ko Gama, ko Birged, ko Tudun Wada, ya san matsayin babur a gidajenmu. Tun watan Janairun 2013, da gwamnatin Kano ta hana acaɓa bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, haya ta koma hannun 'yan Adaidaita Sahu, amma babur bai bar mu ba. Shi ke kai ma'aikaci Bompai, ya kai ɗalibi makaranta, ya kai mai bishara ƙauye. Kuma inda babur yake, faɗuwa ba ta nisa. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hatsarin hanya kowace shekara, kuma babu abin da ya kai shi kashe masu shekara 5 zuwa 29. Wato tsararku ke nan.

A daminar da ta wuce wani ɗan zumuntarmu yana dawowa daga aiki da magariba a kan Boxer ɗinsa, sai Adaidaitar da ke gabansa ta ja birki don ɗaukar fasinja, ya daki bayanta. Allah ya kiyaye, da hular kwano a kansa. Ya kuje a gwiwa, ya yi targaɗe a wuyan hannu, iyakarta ke nan. Babur kuwa fitila ta fashe, madigadi ya tsage, madubi ɗaya ya tafi. Da ya ɗaga shi ya buga, inji ya kama, har ya tuƙo shi gida a hankali. Washegari ya zo wurinmu ya ce, “Baba, fitila ce kawai da madigadi. In na samu rance kaɗan, jibi na koma aiki.” Gaggawarsa tana da dalili: bai gama biyan kuɗin babur ɗin ba, kuma da shi yake ciyar da mahaifiyarsa da ƙannensa biyu.

Muka raka shi wurin wani dattijon bakanike, maƙwabcinmu Musulmi, da ke aiki a ƙarƙashin darbejiya. Ya zagaya babur ɗin sau ɗaya, ya ce, “Fasto, in fitila kuke so, kafin la'asar kun tafi. Amma ku bari in ɗaga gabansa tukuna.”

Ya kafa babur a kan tsayuwarsa ta tsakiya, ya sa yaronsa ya danne baya har tayar gaba ta bar ƙasa. Da farko ya juya kan babur hagu da dama da yatsu biyu. Maimakon ya tafi sumul, sai ya riƙa cijewa a tsakiya. Ya ce boris ɗin wuya ne: ƙarfin karo ya danna ƙwayoyin cikin mazauninsu har sun yi rami. Na biyu, ya riƙe alli kusa da bakin wili ya juya taya. Allin ya taɓa wani gefe ya tsallake wani, alamar wili ya goce. Na uku, ya kwance taya, ya zare sandunan shokozoba biyu, ya fitar da mai da sifirin, ya mirgina kowace sanda a kan wani faifan gilashi mai kauri. Ta dama ta mirgina da ɗan tangaɗi. Ta hagu kuwa tsalle take yi, ga haske yana wucewa ta ƙarƙashinta, ga wani ɗan lanƙwasa daidai inda ƙarfen da ke riƙe ta ya matse ta. Daga ƙarshe ya goge wuyan firam ya duba walda da kyau, ya ce inda ƙarfe ya motsa fenti yakan tsage ya tona asiri. A nan muka yi godiya, firam lafiya lau.

Duk wannan ɓarna, babu wadda ido ya gani lokacin da babur yake tsaye. Muka tambaye shi, “Malam, da an sa fitila an tafi fa?” Ya ce, “Zai yi tafiya. Amma zai riƙa ja gefe ɗaya, mai shi ya riƙa danne shi da hannu har ya saba ya daina ji. Sandar za ta cinye sil, mai ya tsiyaye, wataƙila har ya sauka kan birki. Ran da ya ja birki da ƙarfi, ko ya faɗa rami a guje, ran nan zai san bai gyara ba.”

Wannan magana ta bi mu har gida, domin abin da muke gani ke nan a aikin kiwon ikilisiya. Saurayi ko budurwa ya yi karo: fasikanci, ko cikin da ba aure, ko cin kuɗin zumunta, ko ƙwaya da kodin, wanda gwamnati ta hana tun watan Mayun 2018 amma bai bar lungunanmu ba, ko cacar waya da ta cinye kuɗin makaranta. Ya tashi ya kakkaɓe ƙura, ya ga inji yana aiki: yana iya waƙa a ƙungiyar mawaƙa, yana iya jan addu'a, murya ba ta canja ba. Sai ya nemi gyaran fitila. Ya zo sujada da wuri mako uku, ya ƙara baiko, ya sa aya a Facebook. Amma abin da ke riƙe alƙiblarsa ya karkace, kuma kullum yana kashe ƙarfinsa wajen danne kansa don kada mutane su lura. Irin wannan gajiya ce take sa wasunku su daina zuwa ba tare da sun yi faɗa da kowa ba.

A makarantar tauhidi an nuna mana wani abu a kan Galatiyawa 6:1 da ba mu manta ba. Kalmar Helenanci da Manzo Bulus ya ɗauka don aikin maido da ɗan'uwan da aka kama da laifi ita ce katartizo. Ita ce kuma ke cikin Markus 1:19, inda Yaƙub da Yohanna suke zaune cikin jirgi suna gyaran tarunsu. Likitocin Helenawa ma sun yi amfani da ita wajen mai da ƙashi mazauninsa, aikin da muke kira ɗori. Kalmar masu sana'a ce. Mai ɗinkin taru yana so taru ya sake kama kifi, mai ɗori yana so ƙafa ta sake takawa. Duk wanda ya taɓa kai majinyaci Asibitin Ƙashi na Dala ya san ɗori da zafi, ya kuma san ƙashin da ya haɗe a karkace wani lokaci sai an sake karya shi kafin a daidaita. Shi ya sa Bulus ya ɗora aikin a kan masu tafiya cikin Ruhu, ya ce a yi shi da tawali'u, mai gyaran kuma ya kula da kansa.

Abu na fari da gyara ke nema shi ne kwancewa. Bakanike bai iya ganin sandar ba sai da ya zare ta. Sarki Dawuda ya yi watanni yana mulki kamar ba abin da ya faru bayan al'amarin Batsheba da Uriya, sai da annabi Natan ya zo masa a 2 Sama'ila 12. Zabura 51 addu'ar mutumin da aka kwance ce. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ka furta a gaban Allah da sunan abin, ka kuma nemi mutum ɗaya amintacce, fasto ko dattijo ko wata uwa a Zumuntar Mata, ka faɗa masa duka, har da ɓangaren da ka fi jin kunya.

Abu na biyu shi ne ma'auni. Sandar hagu, in ka riƙe ta a hannu, miƙaƙƙiya ce. Gilashi ne ya ƙaryata ta. Da an gwada ta da 'yar'uwarta ta dama, wadda ita ma ta ɗan goce, da an ce da sauƙi. Haka yake in ka auna kanka da abokanka: kullum za ka samu wanda ya fi ka karkacewa. A Amos 7 Ubangiji ya nuna wa annabi igiyar awon gini a jikin bango. Tun 1932 muke da cikakken Littafi Mai Tsarki cikin Hausa, yanzu ma yana cikin wayoyinku. Ku kwanta a kansa kamar yadda sandar ta kwanta a kan gilashi, ku bar shi ya nuna inda haske ke wucewa.

Abu na uku ya fi wuya. Dattijon ya ce sandar dama za a iya miƙar da ita a hankali, wili ma zai dawo in an ɗaure sifoki an sassauta wasu. Amma ta hagu da boris sai dai sababbi. Ɗan'uwanmu ya roƙe shi, “Baba, a gasa ta da wuta a buga mana.” Ya ƙi. Ya ce ƙarfen da ya lanƙwashe har ya yi kan-kwana, in an gasa an buga zai miƙe a ido, amma ƙarfinsa ya tafi, kuma a nan zai karye. Akwai abubuwa a rayuwarmu da horo da haƙuri ke daidaitawa, kamar yadda muke kashe kuɗi ko lokacin da muke ba waya. Akwai kuma waɗanda dole a cire: wata lambar waya, wani zaure da ake zama da dare, wata abota da kowa ya san inda take kaiwa. Zuciya kuwa ba ta gasuwa a buge ta. Alkawarin Allah a Ezekiyel 36:26 na sabuwar zuciya ne, kuma Yesu ya riga ya biya kuɗinta a kan gicciye.

Kayan sun fi ƙarfin aljihun ɗan'uwanmu. A taron zumunta na ranar Lahadi da yamma aka yi karo-karo, wasu da ba su da aiki ma suka sa abin da ya samu, aka je kasuwa aka sayo na ƙwarai, aka ƙi na jabu duk da araharsa. Mako biyu yana zuwa aiki a Adaidaita da kuɗin da 'yan'uwa suka ba shi. Ba mu san wani fassarar Galatiyawa 6:2 da ya fi wannan ba.

Wajen haɗawa ma akwai darasi. Dattijon ya cika boris da giris, ya zuba mai daidai wa daida a sandunan biyu, ya ɗaura notuna sako-sako, ya sauke babur ya danna gabansa sau da yawa don komai ya zauna a mazauninsa, sannan ya ɗaure su tamau ɗaya bayan ɗaya. Ya ja zare daga tayar baya zuwa ta gaba ya ga sun yi layi. Fitila da madigadi su ne na ƙarshe. Sai ya ce a yi kwana biyu ana tafiya a hankali, a dawo ya sake duba notunan.

Ku dubi yadda Ubangiji ya yi da Bitrus. A bakin wutar gawayi ya yi musun sanin Yesu a Yohanna 18, a bakin wutar gawayi kuma Yesu ya tarye shi a Yohanna 21. Ya fara ba shi abinci. Sannan ya tambaye shi zancen ƙauna sau uku, daidai da musun nan uku, har Bitrus ya ji zafi. Kowace amsa kuma aiki ya biyo bayanta, kiwon tumaki. Bai wulakanta shi a gaban sauran ba, bai kuma yi kamar ba abin da ya faru ba. Yohanna Markus ma ya gudu ya bar aiki a Bamfiliya, har Bulus da Barnaba suka rabu a kansa a Ayyukan Manzanni 15. Barnaba ya ɗauke shi ya tafi da shi Kubrus. Bayan shekaru, a 2 Timoti 4:11, Bulus da kansa ya aika a kawo masa Markus domin yana da amfani a gare shi.

Saboda haka, kai da kake ƙarƙashin horon ikilisiya, kada ka gudu zuwa wata majami'a inda ba a san ka ba. Can za a sa maka fitila ne kawai. Zauna a gama aikin, ko da komawarka bakin hidima ta ɗauki lokaci. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ku kuma sauran, in an zaunar da ɗan'uwa a bencin baya, wani ya je ya zauna kusa da shi. Ku ziyarce shi a gida, ku kira shi wasan ƙwallo, ku rufe bakinku a kan abin da ya faɗa muku. Horon da ba a yi shirin ƙarshensa ba ya zama kwance babur a watsar da kayansa a ƙasa. In kuwa yarinya ce ta yi ciki, kada nauyin ya zauna a kanta ita kaɗai alhali ba ita kaɗai ta yi karon ba.

Maganar jiki ma ba ma barin ta. Jikinku haikalin Ruhu Mai Tsarki ne. Ku sa hular kwano ku ɗaure igiyarta, gama Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sa ta yadda ya kamata na rage haɗarin mutuwa fiye da ninki shida. Duk wanda babur ɗinsa ya daki wani abu da gaba, ko da ya ga kamar ba komai, ya kai a ɗaga gaban a duba kafin ya sake ɗaukar matarsa ko ƙanensa a kai.

Mu yi addu'a. Ya Uba, kai ka san inda kowannenmu ya yi karo, ka san abin da ya karkace wanda mutane ba su gani ba. Ka ba waɗanda suka faɗi ƙarfin hali su zo gare ka ba ɓoye-ɓoye. Ka ba mu hannu mai taushi da bakin da ke riƙe asiri sa'ad da muke maido da 'yan'uwanmu. Ka kiyaye fitarmu da shigarmu a titunan Kano, mu da maƙwabtanmu duka. Cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu muka roƙa. Amin.

Ƙofarmu a buɗe take bayan nazarin Littafi na ranar Laraba ga duk mai son magana a keɓe.